Lodin da Malam Ya Jira Ni a Kansa

A lokacin ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma ni nake jan sallah a masallacin unguwarmu duk ranar da ƙafar Baba ta hana shi fitowa. Ina ji da kaina, don na sauke Alƙur'ani tun ina yaro. Sai ranar da wani baƙo ya bi ni Magariba, ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce harafin lodi da nake fitarwa a ƙarshen Fatiha lam ne zalla. Haka muka taso muna ji, haka Baba ma yake karantawa. Amma Fatiha ce, kuma mutane nake ja, sai abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokina ya sa ni a ajin tajwidi na waya, wanda wani dattijon malami a Kano yake koyarwa bayan La'asar. Wanda ya samu dama ya shiga kai tsaye ya karanta a gyara masa, wanda bai samu ba a turo masa muryar da aka naɗa. Sau biyu na shiga. A garinmu sabis sai ka hau tudun da ke bayan gonar gyaɗarmu, ga shi damina ta kankama. Malam ya ji lodina ya yi dariya, ya ce ciwon gida ne, shi ma da shi ya girma, in dinga zuwa zai cire mini shi cikin mako kaɗan. Ya raɗa mini suna mutumin Tsanyawa.

Ni kuwa sai dabara ta zo mini. Na ce ai karatun da aka naɗa hatsi ne a rumbu, ba ya gudu. In gama noma da maimai, da kaka na zauna na ɗebe shi a tsanake. Har ina yi wa abokina tsiya, wai shi karatu ke juya shi, ni kuwa ni nake juya karatu. Na kashe ƙarar zauren ajin da ke cikin wayata don kada saƙonni su dame ni. Matata ta ce waya ba ta da kunne, na ce ta bar ni da lissafina.

Ranar da muka kai gero gida na hau tudun nan na buɗe zauren. Ta'aziyya na fara gani. Malam ya rasu, har an yi bakwai.

Na bi darussan ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowanne sai ya tambaya ko mutumin Tsanyawa ya shigo, a ce masa a'a, ya ce wataƙila gona ce, Allah ya ba da damina mai albarka. Ina jin muryarsa tana raguwa, tari yana yawa. A na ƙarshe ya ce yau lodi za a yi saboda ni, ko da daga baya zan saurara. Ya bayyana inda gefen harshe yake taɓa turamen haƙori, ya furta sau uku, sannan ya yi shiru don in maimaita. Da shirun ya yi tsawo sai ya ce to, idan na shigo zai ji. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban taɓa yi ba tun rasuwar Inna.

Ban ce naɗaɗɗen karatu banza ba ne, na ƙaru da shi. Amma abin da sai an ji bakinka ake gyarawa, waya ba za ta gyara maka ba, kuma malami ba hatsi ba ne da za ka ajiye sai kaka. Duk mai malamin da yake kiran sunansa, ya amsa tun ana kira. Yanzu ina zuwa wurin wani malamin, ya ce lodina ya fara zama. Duk da haka nakan kunna darasin nan na ƙarshe, in Malam ya yi shiru in karanta, in tsaya ina jira.