Abincin da Yaya Kabiru Yake So

Ranar Alhamis ta ƙarshe a azumin shekarar da na shiga aji biyar, da la'asar, ina tsugune a tsakar gidan da muke haya a Umdurman ina wanke kofuna, sai maƙwabciyarmu Hajja Sakina ta turo ƙofa ko sallama ba ta gama ba. Bahaushiya ce, jikar mahajjatan da suka yada zango a Sudan ba su koma gida ba. Rabin Hausarta Larabci ne, ga surutu kamar rediyo.

Mu baƙi ne daga Katsina. Da damina zazzaɓi ya ɗauke Yaya Kabiru, ɗan farin gidanmu, tun daga nan Umma ta daina magana sai in ya zama dole. Baba malamin asibiti ne, irin mutanen nan da ke ganin aiki maganin komai ne. Da ya ji wata ƙungiyar agaji na neman masu taimakon waɗanda ambaliyar Nilu ta raba da gidajensu, sai ya kwashe mu gaba ɗaya, wai ladan ya je wa mamaci, Umma kuma ta sake iska. Shi yana duba marasa lafiya a tanti, Umma na tuƙa tuwon dawa a madafar sansanin, ni ina jan jarkar ruwa ina raba burodi, in na samu sarari mu yi 'yar gala-gala da yaran da ba na jin yarensu. Kullum idona na kan Umma, ina jiran ranar da za ta dawo mana yadda take a da.

Hajja Sakina ta dubi Umma ta ce, "Ya ukhti, yau Rahamatat ce fa! Kowane gida na dafa abin da mamacinsu ya fi so, a ba yara sadaka. Yalla, me ɗanki yake so, in taya ki?"

A garinmu uwa na kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama ya ci abinci a gabanta, Yaya Kabiru ma tun yaye ɗakin kaka aka kai shi. Ko ranar da aka fita da gawarsa Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, mata na ta yaba mata. Can ta juyo ta dube ni, ta ce, "Hadiza, me yake so?" Na ce ɗanwake, yaji da yawa, ban da ƙwai. Hajja Sakina, ba da mugun nufi ba, ta dafe ƙirji ta ce, "La haula! Ke kika haife shi kuwa?"

Mun yi ɗanwaken da busasshiyar kuɓewa don ba mu samu kuka ba. Yaran unguwa suka cinye tas, Umma ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Washegari ba ta je sansanin ba, ba ta kuma sake zuwa ba har muka dawo gida. Na ji haushin Hajja Sakina, na fi jin haushin Baba da ya kawo mu.

Yanzu yaƙi ya watsa unguwar nan, ban san inda Hajja Sakina take ba. Ni kuwa ɗana na fari da sunansa nake ƙwala masa kira, a gabana yake cin abinci, mata na ce mini mara kunya. Umma ta tsufa, har yau maganarta ba ta dawo ba. Sai dai in muna mu biyu takan tambaye ni a hankali, "Me kuma yake so?" Ni kuma na fara mantawa.