Garin da Ya Ƙi Narkewa a Hannun Stoyanka

A duk ƙauyukan da ke kewaye da Karlovo babu abin da ya taɓa gagarar Stoyanka Belcheva. Ita ce ta faɗa mana haka, mijinta Radko kuma bai musa ba, don ba a tambaye shi ba. Shekara talatin ta yi tana tuƙa tukunyar tattasai da tumatir a masana'antar gwangwani, ta fito da aƙida ɗaya: duk abin da ya ƙi haɗuwa, tuƙi ne bai ji ba.

Da ta yi ritaya sai ta koma haɗa ruwan gyaran fuska, tana sayarwa a teburin ƙungiyar mata ran Asabar. Ruwan fure kowa yana da shi a nan, don haka ta sayo wani farin gari mai riƙe danshin fata. Tana zuba shi a ruwa ya dunƙule gudaji-gudaji kamar ƙwan kwaɗo. Shugabar ƙungiyar, Nevena, ta ba ta mako biyu: ko kwalabenta su fito garau, ko teburin ya koma hannun mai sabulun madarar akuya.

Stoyanka ta tuƙa da cokali. Ta kaɗa da maburgi. Ta ɗaura cokali mai yatsu a bakin injin huda bango na Radko, har maƙwabta muka zaci gini ake yi. Ta tafasa shi, ta ɗiga masa barasar inabi, ya ƙara cijewa.

'Yar ƙaninta Desislava, mai aiki a kantin magani, ta ce a barbaɗa shi kan ruwan sanyi a ƙyale shi.

"In ƙyale shi? Ke 'yar nan, ni zan zauna jiran gari? Ubanki ma ban ƙyale shi ba."

"Shi ya sa ya koma Sifaniya, Goggo."

Saura kwana uku wa'adi ya cika, aka yi wa Stoyanka rasuwa a birnin Plovdiv. Ta rufe kwalbar da garin yake jiƙe a ciki, ta gaya wa kwalbar ba su gama ba, ta tafi. Ran Juma'a ta dawo ta tarar da ruwan sumul, ba gudaji ko ɗaya. Teburin ya tsira. Da Nevena ta nemi sirrin, Stoyanka ta ce ba wani sirri, garin ne ya gane da wa yake yi.

Umarnin haɗa garin layi ɗaya ne a saman ledar da ya zo a ciki: a barbaɗa kan ruwan sanyi, a ƙyale shi. Daidai nan ta sa almakashi ranar da ta buɗe ta.