Akushin Baba a Bayan Gilashi

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na kai 'ya'yana kallon kayan tarihi a Tasawa ba. Malaman lekol, wato makarantar boko, ne suka tara kayan da a wani zaure, su garkuwar fata, mazari da tsofaffin hotuna. Muna zagayawa sai na tsaya cak. A bayan gilashi ga akushin mahaifina, da tsagin nan na gefe wanda ya ɗinke da waya da hannunsa. Tun bayan rasuwarsa nake cigiyar akushin nan a gidanmu na Kona, kullum a ce mini yana nan cikin kaya.

Na tambayi mushen, wato malamin da ke kula da wurin, wa ya kawo shi. Ya ce wani mai babur ne daga Kona. Mai babur ɗaya gare mu a gida, ƙanena. Dama na sha ganinsa da masu yawon sayen tsofaffin kaya, kuma a watan nan ko ido ba ya son haɗawa da ni. Kafin in fita zauren na gama yanke masa hukunci.

Na iske shi a tasha cikin abokan sana'arsa. Ban ko gaishe shi ba.

"Har akushin Baba ka iya fitarwa?"

"Yaya, ki je ki tambayi Inna," ya ce, yana kallon ƙasa.

Ni kuwa na ɗauka rashin gaskiya ne ya sunkuyar da kansa. Na kira shi ɓarawo, kowa yana ji.

Washegari na tafi Kona. Inna tana tsince wake, ta bari na gama zuba, sannan ta ce, "Ni na ba da shi aro. Na hana shi faɗa miki, don na san halinki."

Ta ce a shekarar yunwa kakarmu da akushin nan take rarraba wa maƙwabta fate-fate, gida-gida, har damina ta faɗi. "Shekara nawa kina wanke shi, kin taɓa tambaya? Mushen nan wuni ya yi zaune a tabarmata yana rubuta labarin."

Na koma tashar, a gaban mutanen da na kunyata shi na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma sai da aka yi watanni kafin ya sake cin tuwo a gidana.

Tun daga nan, idan zuciyata ta nuna mini mai laifi, sai na fara tambaya kafin in buɗe baki. Zargi ya fi saurin kama na kusa da kai, kuma shi ne ya fi jin ciwonsa.