Mallah, Ba Malaz Ba

Na yi shekara tara ina tuƙi a Riyad, kuma a cikinsu akwai wata Juma'a da na ɓatar ina neman unguwar Yahudawa a Malaz, wani yanki na birnin. Ban same ta ba, don babu ita.

Laifin kunnena ne. Akwai wani tsoho tela, mutumin Maroko, da nake kai wa ɗinkin gidanmu. Ni a Al-Badi'a nake zaune wajen kafil ɗina, wato mai gidan da ya tsaya mini a iƙama, takardar izinin zama, shagon tsohon kuwa yana Malaz. Larabcinsa na can yamma ne, mai haɗiye rabin kalma. Nawa kuma na bakin titi ne, na "yalla" da "khalas". Haka muke hira, kowa yana gyaɗa kai a kan abin da yake zaton ya ji.

Wata rana yana ɗinka maɓalli ya ce mini a unguwar Yahudawa aka haife shi, gidansu yana jingine da majami'a, wurin ibadarsu. Na ce ina ke nan? Ya ce Mallah. Ni kuwa Malaz na ji.

Ni mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na ɗauki mota na bi layi-layi. Na ga shagunan waya, na ga ofisoshi, na ga gidajen bene masu launin ƙasa. Daga ƙarshe na tsaya wajen wani mutumin Damagaram yana wanke mota, muka gaisa, na ce, "Malam, don Allah ta ina majami'ar Yahudawa take a nan?"

Ya ajiye soso. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ɗan'uwa," ya ce, "ka gaji da iƙamarka ne?"

Da na ba tsohon labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mallah, in ji shi, sunan tsohuwar unguwar Yahudawa ne a birnin Fas, can Maroko. Sai ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wani zare. A jikin zaren akwai makulli na baƙin ƙarfe, tsawonsa ya kai ɗan yatsa.

Na maƙwabciyarsu ne, wata Bayahudiya. Da mutanen unguwar suka fara tashi, ta kulle ƙofarta ta miƙa wa mahaifiyarsa makullin, ta ce ta riƙe mata sai ta dawo. Ba ta dawo ba. Da ciwon ajali ya kama mahaifiyar, ta ɗaura masa shi a wuya ta ce amana ce, kada ya zo lahira ya same ta da ita ba a mayar ba. Ya sha komawa gida hutu, ya tsaya a ƙofar gidan matar, ya tarar da baƙi a ciki. Bai ba su ba, don ba su suka bayar ba. Kullum sai ya ce baɗi. Yanzu likita ya hana shi hawa jirgi saboda zuciya.

"Tsoron uwata nake ji, ɗana," ya ce. Mutum ne da gemunsa ya yi fari fat.

A bazarar shekarar iyalin kafil suka shirya hutu a Maroko. Mahaifin kafil a keken guragu yake, kuma ba ya yarda kowa ya tura shi sai ni, saboda haka aka yi mini takardu. Na je na gaya wa telan. Ya ciro zaren ya rataya mini, ya ce in kai majami'ar, tunda jikokin mutanen suna zuwa ziyara can. A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid na'ura ta yi ƙara a kaina. Ma'aikacin ya juya makullin ya ce na ina ne? Na ce na gida ne. Ban yi ƙarya ba.

Ranar da aka ba ni hutu a Fas na nufi Mallah. Lunguna ne matsattsu, gidajen suna da barandar katako da ke leƙo titi, ƙasa kuma masu sayar da zinariya. A jikin wasu ƙofofi, ta dama, akwai ɗan rami karkatacce inda a da ake saka rubutun addu'a. Yanzu ƙura ce a ciki. Na bi kwatancen tsohon har na ga gidan maƙwabciyar. An sa masa ƙofar ƙarfe sabuwa, da kwaɗo irin na shago.

A bakin majami'ar na yi abin da aka koya mini tun ina yaro: na tuɓe takalmi, na jera su a gefe. Mai gadin wurin, wani dattijo Musulmi riƙe da carbi, ya ce in mayar da su, nan ba a cirewa. Sai na kai hannu zan cire hula, ina zaton komai a juye yake. Ya ce a'a, ita ce ma ake so. Na shiga ɗakin ibada da takalmi a karon farko a rayuwata, ina takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Wurin bai kai masallacin unguwarmu girma ba. Akwai bencina, da fitilu a rataye, da wani kabad na katako a bangon gabas inda ake ajiye Attaura rubutacciya a fata. Mata suna da nasu wurin a sama. Mai gadin ya saukar da ni wasu matakala ya nuna mini ɗan kwarmin ruwa na wankan tsarki. Na ce a raina, ashe su ma suna fama da maganar tsarki. Babu kowa a wurin sai mu biyu. Shirun ya taɓa ni fiye da yadda na zata.

Na ciro makullin, na zayyana masa labarin da Larabcina na titi. Na ɗauka zai yi mamaki. Ya saurara har ƙarshe, ya shiga wani ɗaki, ya fito da gwangwanin biskit. Da ya buɗe, cike yake da makullai, manya da ƙanana, wasu da zarensu. Ya tambayi sunan matar, ya rubuta a 'yar takarda, ya ɗaura, ya saka a ciki. Na ce ana zuwa karɓa? Ya ce wani lokaci.

Washegarin dawowarmu na tafi Malaz. Tsohon yana kan keken ɗinki. Kafin in gama sallama ya dubi wuyana.

"An karɓa?"

"An karɓa, Baba. An rubuta sunanta."

Na gaya masa maganar takalmi, bai yi dariya ba. Na ɓoye maganar sabuwar ƙofa, kuma har yau ban yi nadama ba. Amma gwangwanin na faɗa masa, ina fargabar kada ya ga kamar an raina amanarsa. Ya tsayar da keken.

"Da yawa?"

"Cike yake."

Hannunsa ya tafi wuyan riga, ya laluba, ya dawo.

"Ashe ba uwata kaɗai ta jira ba," ya ce. Ya goge ido da ƙyallen da yake ɗinkawa, wanda na uwargidan kafil ne. "To, alhamdulillahi. Yanzu in an kira ni sai in tafi."