Yatsu Biyu na Yashi

Duk wanda ya taɓa shiga shago a Barra do Sal, wani gari na bakin teku, ya ga aikin Dona Zulmira, ko da bai san nata ba ne. Kalandar nan da ke rataye bayan mai shago, mai hoton bakin teku, ita ke ɗauka. Sana'ar ta gado ce, kuma ƙa'ida ɗaya mahaifinta ya bar mata: hoton teku kashi uku ne, yashi a ƙasa, ruwa a tsakiya, sararin sama a bisa, kada wani ya ci rabon wani.

Shekara ashirin da biyu ke nan, kowace Janairu, wadda a can ita ce tsakiyar bazara, idan zafi ya kankama baƙi suka cika gari da laimominsu, sai ta hau dakalin bayan kicin ɗinta da hantsi, sa'ad da ruwa ya janye, ta dafa gwiwar hannu a ƙarfen taga, ta ɗauki hoton kalandar baɗi. Ko taku ɗaya ba ta taɓa gusawa daga wurin ba.

Bana da aka wanko mata hoton, ta sa tabarau ta duba, sai ta ja tsaki. Launi ya fita, sama garau, amma yashin ya tsuke can ƙasa kamar bakin zane.

"Na ɗaga kyamarar da yawa," in ji ta.

Washegari ta sake ɗauka. Ta kuma sakewa. Duk kanwar ja ce.

Yayanta Valdemar yana jin tsakinta daga ɗakin baya. Tsohon masunci ne, shekara huɗu yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Daga gadonsa sama kawai yake gani ta taga, amma yana jin kukan teku, ya ce shi ne maganinsa. Sau biyu 'yarsa tana roƙon ya koma gidanta a kan tudu, ya ce sai dai a fitar da gawarsa.

"Zuzu, tsufa ne," ya ƙwala mata. "Sayar da kyamarar nan ki sayi kujerar lilo."

"Kai da sai an ba ka garin rogo a baki, kai ne mai yi wa wani gorin tsufa?"

Ta ba shi amsa dai, amma maganar ta tsaya mata. In hannunta ne ya fara rawa, to yaushe ya fara? Ta ciro tsofaffin kalandu daga ƙarƙashin gado, ta jera su a ƙasa, ta durƙusa tana auna yashin kowane hoto da hannu. Na farko, taki guda cur. Na shekara goma baya, yatsu biyar. Sai huɗu, ya daɗe a huɗu. Bara uku da rabi. Bana biyu.

Ƙarfen tagar da take dafawa yana nan a gefen kowane hoto, daidai wuri ɗaya. Ashe hannunta lafiyarsa ƙalau.

Yashin ne ke ƙarewa. Kowa ya san teku ta cinye layin masunta a can ƙarshen gari, har da majami'arsu, amma wancan can ne. Nan kuwa bangon ɗakin Valdemar ne abu na farko da ruwa zai tarar, ga shi kuma kowane Maris teku kan yi babbar cika.

Ta kwashi hotuna uku ta shiga wurinsa, ta riga ta shirya wa faɗa.

"Yaya, duba min wannan."

"Ni na zama alƙalin hoto yanzu?"

Ya karɓa da hannunsa mai lafiya. Ta nuna masa yashin, amma ba nan yake kallo ba. Ya sa ta ɗaga masa tsohon kusa da fuska.

"Kin ga farin layin nan can nesa? Tudun yashi ne a ƙarƙashin ruwa. Nan igiyar ruwa ke fashewa ta huce kafin ta iso mu. Nuna min shi a na bana."

Ta duba, ta goge tabarau, ta sake dubawa. Ruwa shuɗi sumul tun daga nesa har gaɓa. Abin da ya fi ba ta sha'awa ke nan a hoton, ranar da ta fara ganinsa.

Valdemar ya ajiye hoton a ƙirjinsa.

"Tun Nuwamba kukan teku ya sauya," in ji shi a hankali. "Na ce kunnena ne. Yaushe wata zai cika? Ranar ce ruwa ke hawa."

"Alhamis mai zuwa. Amma ai sai Maris..."

"Wa ya ce miki za ta jira Maris? Je ki ce wa maƙwabcinmu Seu Anacleto ya kawo motarsa ta kifi. Ki gaya wa 'yata ta share min ɗaki a gidanta."

Zulmira ba ta taɓa jin muryar yayanta haka ba, ko ranar da kwale-kwalensa ya kife. Ta zura takalmi a hagunce, ba ta tsaya gyarawa ba. A waje yara na ta ihu cikin ruwa, mai masara yana talla. Ta kai bakin ƙofa ke nan ya kira ta.

"Zuzu."

"Na'am, Yaya."

"Bar ƙofar ɗakin nan a buɗe in riƙa jin tekun. Kuma kada ki tsaya hira."