Rigar Nutson Bapa Arsad

A Alor Kecil, garinmu na bakin teku, in ana maganar ɗinki, babu mai ja da Mama Jubaida. Ba wai daɗin mu'amala gare ta ba, bakinta ya fi almakashinta kaifi, ni kaina na sha ɗanɗanawa. Amma hannu dai Allah ya ba ta. Da saƙa ta fara kamar kowace 'yar garinmu, ta koma keken ɗinki tana yi wa yara kayan makaranta, har lokacin da baƙi suka fara zuwa da tukwanen iska a baya suna nutso a mashigin Pantar. Kifin da mu ci muke yi, su kallonsa kawai suke ƙetaro duniya su yi. Rigunansu na roba suna yagewa a jikin duwatsun ƙasan teku, shi kuwa Pak Hendrik, mai jirgin ruwan da ke yawo da su, ya rasa mai gyara, sai ya kawo mata ɗaya don gwaji.

Ta ɓata ta sarai. Ta sa ta a keke ta yi mata ɗinkin wando, allura ta huda robar gaba da baya, ruwa ya riƙa shiga ta kowace huda. Hendrik ya dawo yana dariya, ita kuwa dariya ba ta cikin abubuwan da take yafewa. Ta ƙwace rigar, ta farke ɗinkinta na asali, ta zauna tana dubawa har ta gane kansa: gam ake fara sawa a haɗe baki da baki, sannan a bi da lanƙwasasshiyar allura wadda ke shiga rabin kaurin robar ta fito ba tare da ta ratsa ba. Tun daga nan ba ta sake ɓata rigar kowa ba.

Kafin a jima ta san irinsu ko ido rufe. Akwai guntuwa mai gajeren hannu da ƙafa, ta ruwan ɗumi, wadda take kira rigar 'yan gayu. Akwai doguwa mai kaurin milimita uku, ita yawancin baƙi ke zuwa da ita don an gaya musu ƙasarmu zafi gare ta. Akwai mai kauri biyar, wata har da hula. Duk waɗannan jiƙaƙƙu ne: ruwa kaɗan ke shiga, jiki ya ɗumama shi, ya kwanta tsakanin fata da roba. Shi ya sa dole riga ta kama mutum ɗam. In ta yi yawa, ruwan da jiki ya ɗumama sai ya fice, sabo ya shigo, mutum ya yi ta ciyar da teku da ɗumin jikinsa. Busasshiya kuwa, wadda ko ɗigo ba ya shiga, sau ɗaya ta taɓa riƙe ta. Wani dogon baƙo daga ƙasar ƙanƙara ya zo da ita, da robar wuya mai shaƙewa da ɗan famfon iska a ƙirji, kafin jirgi ya isa wurin nutso gumi ya jiƙe shi sharkaf a ciki. Jubaida ta jujjuya ta, ta ce wa Hendrik, "Wannan ai ɗaki ce, ba riga ba. Ka ce masa ya ajiye abarsa sai ya koma gida."

Sai dai baƙon ba wauta ya yi gaba ɗaya ba, don tekunmu yana da halinsa. Sama ɗumi, ƙasa kuwa akwai watannin da wani ruwa mai bala'in sanyi ke tasowa. Ranar da ya taso sosai har kifaye sandarewa suke yi su yi ta yawo a saman ruwa, gari ya fita da kwanduna ana kwasa. Wanda ya shiga ƙasa da 'yar guntuwa a irin wannan lokaci, haƙoransa za su ba shi labari.

Mijinta, Bapa Arsad, a cikin wannan ruwa ya girma. Tun yana yaro yake nutso da tabarau na katako, babu riga babu komai, yana kafa tarkon kifi na gora a ƙasan teku. Da Hendrik ya ga babu wanda ya san tafiyar igiyar ruwa kamarsa, ya koya masa aiki da tukunyar iska, ya mai da shi jagoran baƙi. Jubaida ta haɗa masa riga mai kauri biyar daga ragowar waɗanda baƙi suka yar: jiki baƙi, ƙafa shuɗiya, hannu ɗaya rawaya. Muni kam ta yi muni, amma ta kama shi kamar da ita aka haife shi.

"Tsohuwa, kin mai da ni kifin ado," in ji shi ranar da ya fara sa ta.

"Kifin ado da wannan fuskar? Je ka dai, in ka ɓace a gane ka da hannun."

Haka suka yi shekaru. Faɗa a kan gishirin miya, faɗa a kan yashin da yake shigo mata da shi ɗaki, da yamma kuma ka gan su a kan tabarma ɗaya suna cin dakakkiyar masara da gasasshen kifi, yana ba ta labarin abin da ya gani a ƙasa, tana cewa ƙarya yake yi.

Wata la'asar aka kawo shi riƙe a kafaɗun mutum biyu, ƙafarsa ta hagu ba ta ji. Wani baƙo ne igiyar ruwa ta ja ƙasa, ya bi shi, suka taso da sauri fiye da yadda ya kamata. Ƙafar ta dawo bayan jinya, amma hankalin Jubaida bai dawo ba. Ta san wannan ciwo na masu nutso, wanda saurin tasowa daga ƙasan ruwa ke jawowa. Wan Arsad da shi ya ƙare rayuwarsa a kan tabarma, ita ce ma take taya matarsa juya shi.

"Ka bar nutson nan haka," ta ce. "Ka yi naka."

"In bari in yi me? In zauna ina miƙa miki zare?"

"Ka zauna ka rayu."

"Ai can ɗin ma ba mutuwa nake zuwa yi ba."

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina yi masa magana, duk a banza. Da ya ji ƙarfi, ya ɗauko rigar ya ajiye mata a kan keke. Jinyar ta rage masa jiki. "Tsohuwa, ta yi mini yawa. Rage mini ita."

Ta auna shi da igiya kamar kullum, tana ƙulla alama a ƙirji, a ƙugu, a wuya. A nan ne dabarar ta zo mata, kuma ba zan ɓoye ba, dabara ce ta mai tsoro. Ta rage ciki, ta rage cinya, duk inda ido ke gani ta kama shi tsaf. Amma a bayan wuya da ƙarƙashin hammata ta bar wa ruwa ƙofa, faɗin yatsa biyu. Tunda magana ta kasa fitar da shi daga teku, to sanyi ya fitar da shi. Gara ya ji sanyi ya dawo da ƙafafunsa, in ji zuciyarta.

Dabara kuwa ta ci. Ya riƙa dawowa leɓɓansa sun yi duhu, hannu na rawa har kofin gahawa na zuba. Ta dafa masa citta, ta lulluɓe shi da zane biyu. Baƙi suka fara ƙorafi wai jagora na fitar da su tun iska ba ta ƙare ba. Da watannin sanyi suka kama, ranar nan ya shigo, ya rataye rigar a itacen rufin ɗaki, ya zauna a bakin ƙofa.

"Na tsufa, Jubaida," ya ce. "Ruwan ya fi ƙarfina."

Ta yi murna, wallahi ta yi murna. Ta yanka kaza.

Hendrik ya ɗauki wani jagoran. Arsad ya koma saƙa tarkon gora, wasu ne ke kaiwa ƙasan ruwa. Mama Yosina, ƙawar Jubaida da ke ƙetarowa daga tsibirin Pura da kayan kasuwa, takan tsaya ta tsokane ta: "Ke dai kin more, kin samu mai gadi kyauta. Nawa mijin sai na tura masa saƙo kafin in ga fuskarsa." Jubaida ta yi dariya. Amma a cikin gida abin ba na dariya ba ne. Mutumin da ke tada jijiyar wuya a kan gishiri yanzu duk abin da aka zuba masa sai ya taɓa kaɗan ya ture. Ta riƙa zabga gishirin da gangan ko zai yi magana. Bai yi ba. Yashi ma ya daina shigowa ɗaki, ta share ta rasa abin sharewa. Labarin ƙasan teku ya ƙare, sai a lokacin ta gane ashe ba ƙaryar take ƙi ba, jin muryarsa take so.

Damina biyu suka wuce a haka. Sai ranar nan ruwan sanyi ya taso, aka yi ihu, gari ya kwarara bakin teku. Mata sun tattare zannuwa, tsofaffin da ba su da haƙori suna cikin ruwa har ƙugu suna cika kwanduna. Jubaida na ciki tare da Yosina, sai Yosina ta zungure ta.

"Wancan da ke tsaye a lulluɓe wane ne?"

"Ba ki gane Arsad ba?"

"Arsad? Ke, na rantse na ɗauka wani tsohon ne daga kan tudu."

Jubaida ta ɗaga kai. Yana can a kan yashi shi kaɗai, ya ƙudundune a zane. Wata 'yar igiyar ruwa ta zo ta taɓa masa yatsu, ya ja da baya da sauri. Mutumin da ya bi baƙo har ƙasan mashigi! Ta saki kwandon da kifin da ke ciki, ta fito, ta wuce gida ba ta kula kowa ba.

Ta sauko da rigar, ta kakkaɓe ƙura, ta nemo igiyar awon nan mai ƙulle-ƙulle. Ta farke wuya, ta farke hammata, ta yanke abin da ta bari, ta sa gam, ta bi da allura a hankali. A rayuwarta ba ta taɓa yin ɗinkin da ya kai wannan kyau ba. Da gam ya bushe ta kai masa inda yake saƙar tarko, ta ajiye a cinyarsa.

"Na sake duba ta," ta ce. "Gwada."

Bai dubi ciki ba, bai dubi cinya ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye bayan wuya, ya shafa, ya koma ƙarƙashin hammata, ya shafa.

"Yauwa," ya ce. "Wannan shi ne ɗinkinki."

"Dama ka sani?"

"Haba tsohuwa. Jikina fa ruwan ke bi. Tun nutson farko na san ta inda yake shiga."

"To me ya hana ka magana? Ka zage ni mana! Ka kai wa wani ya toshe!"

"Wa zan kai wa? In ce matata ta kasa?" Ya jujjuya hannun nan rawaya. "Na ce a raina, matar da ba ta taɓa kuskuren allura ba, in ta bar ƙofa, ba mantuwa ba ce. Na yi ta daurewa ko za ki ji tausayina ki toshe. Ke kuma kina ta dafa citta. Da na ga haka, sai na ce to, ta fi ni so. Na bar miki."

Sai kawai ta ce, "Sa ta. Hendrik zai karɓe ka, ko kusa da gaɓa ne. Ni da kaina zan je in same shi."

Ya miƙe, ya zura ƙafa, ya zura hannu. Da can sai sun yi kokawa su biyu kafin ta shiga, yana nishi tana zaginsa. Yau ta shige sulul. Ta ja masa zik har wuya, ta ja da baya ta duba. Robar ta yi tattara a ƙirji, ta yi jaka a gwiwa, wuyan da ta gama kamawa yanzu hannunta gaba ɗaya zai shiga. Ɗinki bai yi kuskure ko kaɗan ba, daidai da ƙullin igiya yake. Mutumin ne ba ya nan.

Arsad ya dubi kansa, ya yi ɗan murmushi.

"Ta yi kyau," ya ce. "Amma wancan kika auna, na bara waccan. Zo ki zuge mini, hannuna ba ya kaiwa."

Ta zuge masa. Ya ninke rigar da kansa, ya miƙa mata, ya koma ya ɗauki gorarsa.

Har yau Jubaida na gyaran rigunan baƙi, kuma duk wanda ya zo da wadda ta yi masa yawa, sai ta balbale shi da faɗan da ya fi laifinsa. Baƙin suna dariya, suna cewa tsohuwar nan akwai zafi. Shi kuwa Bapa Arsad yana bakin ƙofa yana saƙa, ya juya wa teku baya.