Shekarun da Fim Ke Tsallakewa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Yaya Habu, mai shagon hayar kaset a Yalwawa, cikin Dutse. Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya taɓa karɓar fim a hannunsa ya san sai ya haɗa masa da sharhi, ko yana so ko ba ya so.

Abu ɗaya ne ke ƙona masa rai a finafinanmu. Za a nuna yarinya tana wasan 'yar tsana a tsakar gida, sai allo ya yi baƙi, a rubuta "Bayan shekara goma sha biyar", sai ga ta budurwa da gyale tana rera waƙa a lambu. Nan zai bugi cinya ya ce an yi masa sata. A wurinsa, ainihin labarin yana cikin baƙin allon nan, inda yarinyar ta fara gane cewa manya ma suna ɓoye magana. Mawaƙa ma bai ƙyale su ba. Ya ce su a ganinsu mutum ba ya wayo sai soyayya ta yaudare shi, kamar kafin nan babu abin da ke taɓa zuciyar yaro. Ni kuwa dariya nake masa, ina cewa wa zai ɓata yininsa yana kallon yarinya tana girma?

Da zai leƙo yau, da ya tarar shagonsa ya koma wurin cajin waya, fim kuma ya koma cikin aljihu, mai dogon zango, a kwashe shekara ana kallo ba a gama ba. Na san zai ce ga lokaci har ya yi yawa, amma har yanzu tsallake ƙuruciyar ake yi.

Ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Hindatu, tana da shekara biyar. Da mahaifiyarta ta sake aure a Ringim, riƙonta ya dawo hannuna. Kamar yadda aka saba yi wa yara, muka ce mata Babanta ya yi tafiya. Kusan kullum sai ta tambaye ni yaushe zai dawo, ni kuma in ce garin da nisa. Daga baya ta daina. Abin ya daɗe yana cina a rai: ban san ranar da ta gane ba, ban san ko yaran unguwa ne suka yaɓa mata ba, kuma ina tsoron ta riƙe ni a zuci.

Kwanan baya muna tsintar shinkafa, ta jingina wayarta muna kallo, sai ga baƙin allon nan. Na ba ta labarin faɗan mahaifinta, ta yi dariya har da ƙwalla. Sai na samu ƙarfin hali.

"Hindatu, wai yaushe kika gane Babanki ba tafiya ya yi ba?"

"Gwaggo, ai tun ranar da aka raba kayansa. Na ga takalminsa a ƙafar Baffa Isa. Na ce wa zai yi tafiya babu takalmi?"

"To me ya sa kika yi ta tambayata?"

"Na ga in na tambaya kina samun abin faɗa. In na yi shiru sai ki shiga ɗaki ki yi ta kuka."

Kaset ɗinsa duk sun ruɓe, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Abin da ya rage shi ne idon nan nasa mai lura da abin da kowa ya wuce, kuma 'yarsa ce ta gaje shi, ba ni ba. Na yi kewarsa ranar fiye da kullum. Yarinya 'yar shekara biyar ta yi ta lallashina da tambaya, ni kuwa ina zaton ni ce nake lallashinta.